Yaron Da Ba Ya Ji

Jiya-jiya abin ya faru, kuma gara in faɗa da bakina kafin masu shayin Gandi su zuba masa gishiri.

Masu duba marasa lafiya kyauta ne suka zo daga Sakkwato, aka kafa tebur a gindin dogon yaro. Likitar 'yar kudu ce mai bautar ƙasa, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ba komai" ba. Aka ce a nemo tafinta. To wa za a nema? Shekara 11 ina koyar da Turanci a firamare, kuma ni ne mai yawan tuna wa mutane cewa Sardauna, ɗan Rabah ɗinmu, alli ya fara riƙewa kafin a naɗa shi hakimi a 1934. Na ɗora hula, na maƙala biro biyu a aljihu, na tsaya kusa da tebur.

Mutum tara suka wuce lafiya lau. Ta goma yayata ce, tana jan ɗanta, wanda kuma ɗan ajina ne, aji biyar. Gyambo ne a ƙaurinsa. Likita ta tambayi yadda aka yi.

"Ce mata katanga ya haura," in ji yayata. "Yaron ga ba shi ji. Ko kaɗan ba shi ji. In yi ta magana kamar da icce nika yi."

Na gyara murya, na ce: "Madam, he does not hear. At all."

Bahaushe da kalma ɗaya yake noma gona biyar. Muna jin kiran salla, muna jin warin tafarnuwar Wurno tun motar ba ta shigo gari ba, muna jin sanyi a bakin madatsar Goronyo, muna jin gishiri a miya, muna jin Fillanci. Bature kuwa kowanne ya yanka masa filinsa: hear, smell, feel, taste, understand. Ko a kunnen ma sai da ya raba gado. Hear shi ne sauti ya faɗo maka a kunne, ko ka so ko ka ƙi, kamar kukan jakin maƙwabci. Listen shi ne ka kasa kunne da niyya, kuma shi ake faɗa wa yaro mai kunnen ƙashi. Wanda aka ce bai yin hear, kurma ne. Na san wannan sarai. Ranar Talata na rubuta shi a allo, na sa yara suka rera sau ashirin, har da bulala a hannu.

Likita ta ajiye biro. Ta manta da gyambo. Ta ce tun yaushe?

"Tun da anka haihe shi," in ji yayata. "Gado ne. Ubanai ma haka yake, kakanai ya fi su duka."

Wannan ma na fassara, tsaf, ban rage ko wasali ba. Cikin minti ɗaya na kurmantar da zuri'a guda.

Ta shiga tambaya: ya taɓa yin ƙyanda? Sanƙarau fa, irin wanda ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017? Ta zagaya bayan yaron ta tafa hannu da ƙarfi. Shi kuwa gogan naka, da yake an tona masa asiri a gaban jama'a, ya kumbura baki ya kafe kamar turke. Ko gizau. Ta sake tafawa. Wata akuya can nesa ta zabura, shi bai motsa ba.

A daidai nan na gane abin da na aikata. Na ji shi tun daga tafin ƙafa, ka ga wani jin kuma. Kalma ɗaya za ta gyara komai. Amma ga mata cike da tabarma, ga ɗalibaina sun yi dafifi, ga biro biyu a aljihu. Na yi gum.

Sai ga wani tsohon direba, wanda ya yi shekaru yana kai albasa Ikko, ya matso da sandarsa. Tun safe yake gefe yana gyaɗa kai duk sanda na yi Turanci, kamar shi ke ba ni maki.

"Malam, ɗaga murya," ya ce. "Turanci da ƙarfi aka yin shi. Ni da ƙarfi nic ci Ikko."

Na ce, "Baba, ba nan matsalar take ba."

"To a soya tafarnuwa cikin man shanu a ɗiga mai. Wani yaron motata haka munka yi mishi."

"Ya warke, Baba?"

"Ya gudu. Amma da anka kira shi ya waiwayo."

Likita dai rubutu take yi. Takarda zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in abin ya faskara a wuce cibiyar kula da kunne ta Kaduna. Ta dube ni da tausayi ta ce kada iyali su karaya, akwai makarantar A.A. Raji a Sakkwato mai koyar da kurame, gara a kai shi can da wuri.

Nan ne yaron ya ɗaga hannu.

Wannan hannun nake ta gani tun jiya. A hankali ya tashi, yatsa ɗaya a sama, yadda na koya musu. Ya miƙe, ya haɗe ƙafafu, ya sa hannaye a baya. Wanda shekara biyu ina roƙonsa ya amsa tambaya ɗaya a aji bai taɓa yi ba. Ya dube ni, ba likita ba, ni, ya ja murya irin ta hadda:

"Excuse me, Sir. I can hear. I don't listen."

Sannan ya ƙara da Hausa, don kada wani ya tashi bai samu rabonsa ba: "Kawu, ba kai kac ce muna ranar Talata duk wanda ya haɗa su bulala ukku ba?"

Bulala uku. Ni na yanke hukuncin. Ɗalibaina da ke bayan bishiya, ba wanda ya umarce su, suka ɗauki karatun Talata baki ɗaya, da waƙarsa da komai. Yayata tana ta jan rigata tana cewa, "Mi yac ce? Mi yac ce?" Ni kuma tafinta, aikina ne in fassara mata.

Likita ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago tana share hawaye sai ta ce da buroka: "So e no dey hear word!" Ashe su ma a can haka suke faɗa. Da na jefa kalma ɗaya tak a ƙarshe, irin Turancin tasha da nake hana yara, da tuni an wanke gyambo an sallame mu.

"Awo!" in ji tsohon direba, ya buga sanda a ƙasa. "Shi nika shirin gaya maka tun ɗazu."

Ya dafa kafaɗata, ya leƙa cikin kunnena na dama, ya daɗe yana dubawa.

"Man nan hwa, Malam, in an soya, a fara da kai."