Zuwa ga Malam Gado, Baƙon da Ba Ya Sallama

Malam Gado,

Bayan tambayar gajiyar zirga-zirga tsakanin Kankiya da Kusada, na rubuto ne kan sunan da mutane suka laƙaba maka, wai tsuntsu daga sama gasasshe. Kai ma ka bar sunan ya bi ka, don ka ga yana ƙara maka farin jini. Ni kuwa ina ganin ka daɗe kana yaudarar bayin Allah da shi. Ba tsuntsu kake kawowa ba, kaya kake ɗora wa mutum, sai dai ka iya naɗa gammo har ba a jin nauyin sai an yi nisa.

Bari mu bi sawunka. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta babin rabon gado ya san ba ka faɗowa da ka. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanka wa kowa rabonsa, bayan an yi wa mamaci sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. A ɗauka wani dattijo ne a Rimaye ko Yashe ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, ba ɗa namiji, ba iyaye, ba ɗan'uwa ko 'yar'uwa. In aka kasa dukiyarsa gida 24, matar ta ɗauki 3, 'yan matan su ɗauki 16, saura 5. Waɗannan biyar ɗin su ne ƙofar da kake bi ka shiga gidan wani ɗan baffa wanda rabonsa da gidan mamacin tun wani bikin suna da ba wanda ya tuna shekararsa. In 'yar ɗaya ce, nasa ya zama 9. In ba haihuwa sam, matar ta ɗauki rubu'i, shi ya kwashe kashi uku cikin huɗu: shanu, rumbu, har da filin bakin titin Kano zuwa Katsina da dillalai suka daɗe suna lasar baki a kansa. Mutumin da jiya yake cin bashin omo a kanti, yau ana ce masa Alhaji tun bai ga ko filin jirgi ba.

Daga nan sai ka koma gefe kana kallo. Kafin sadakar arba'in, matar tana cikin takaba, dillali ya riga ya auna gonar da taku, ya tsuguna ya zana lissafi a ƙasa da tsinke. Sabon babur ya iso da ledarsa a jikin kujera, don cire ledar kamar rage masa daraja ne. Abokan da ba a san da su ba sun cika dakali, mai shayi ya daina tambayar kuɗi, kuma an fara maganar ƙarin aure.

Na san abin da za ka ce: haƙƙinsa ne, Allah ya ba shi, wane ne mai rubutu da zai sa baki? Ban musa ba, ko ƙwayar gero ɗaya ban ce a rage masa ba. Har ma zan ƙara maka hujja: a mazhabar Malikiyya da alƙalanmu suke bi, ba za a tilasta wa ɗan baffa ciyar da 'yan matan nan ba, don wajibin ciyarwa bai wuce mata da iyaye da 'ya'ya ba. Amma dubi dalilin da ya sa ragowar ta zo hannunsa. Shi ne asaba, dangin uba, kuma layin nan da ya ba shi kaso shi ne layin da ake bi a nemo waliyyi ranar ɗaurin aure, shi ne ake tattarawa a biya diyya in kuskure ya auku. Shari'ar da ta miƙa masa biyar ɗin ba ta ɗauke shi baƙo ba, uba ta ɗauke shi. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya san da aski a gaba. Kai dai ba ka taɓa karanta wa kowa wannan shafin ba.

Sai kuma uzurin da ya fi ƙarfi, cewa talaka jari yake nema, noma kuwa taki ya cinye ribarsa, gara a sayar a kama sana'a. Da gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya sayar da gona a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, ga tallafin mai an cire tun 29 ga Mayun 2023. Kuɗinsa sun zagwanye a aljihu, babur ya tsufa, gonar kuwa tana nan tana ba sabon mai ita dawa da wake. Ga kuma 'yan matan: fikihu ya ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, wato ya karɓi kason da aka sayar a kan farashinsa muddin ba a raba gonar ba. Haƙƙi ne mai kyau, amma marainiya da ke jiran kuɗin makaranta ina za ta samo abin fansa? Sai ta wayi gari da baƙo a tsakiyar gonar ubanta, yana kafa iyaka da aduwa.

Don haka roƙona kaɗan ne, Malam. In za ka sake ziyartar wani a Kafin Soli ko Tafashiya, ka yi sallama, ka bari a gama takaba, kuma ka zo da sunayen marayun a rubuce a saman takardar rabon, da manyan baƙaƙe, inda dillali ba zai iya rufewa da babban yatsa ba.

Naka,
Wani mai kallo daga bakin tasha.