Wasiƙa Zuwa Ga After Burner, Jirgin Da Bai Taɓa Bin Layin Mai Ba

Zuwa ga After Burner,
Jirgin yaƙi na gidan Sega,
Tokyo, ƙasar Japan.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ƙaninka After Burner II. An ce shekara ɗaya aka haife ku, 1987, abin da ya sa muke zargin akwai kishiya a gidanku. Ka miƙa gaisuwata ga mahaifinku Yu Suzuki. Dalilin wannan takarda ƙorafi ne, kuma ya daɗe yana cina.

Mu nan Gusau a bidiyo muka fara ganin fuskarka. A fim ɗin Terminator 2 na 1991 akwai inda yaron nan John Connor yake zaune cikinka yana ɓarin wuta. Daga baya muka ji cikakken labari: wai a Japan da Amurka kujera ce sukutum, mutum ya shige ciki ya kama sanda, in jirgi ya karkata dama ita ma ta karkata, in ya yi sama ta ɗaga shi. Jirgin kuma F-14 Tomcat ne, irin wanda Tom Cruise ya yi suna da shi a Top Gun a 1986. Muka ce to, Allah ya kawo shi lafiya.

Ba ka zo ba. Sai ka turo dangi. Na injin gem ɗin Master System ya iso yana ɗingishi, hoto na tsalle-tsalle, makami ya taso maka ba ka gan shi ba sai ka ji ka a ƙasa. Na Mega Drive da ya fito a 1990 ya fi shi kunya, yana da gudu, kiɗan ma ba laifi, amma kujera fa? Kamar a yi maka alkawarin ragon layya ne a aiko maka da kai da ƙafa. Mun karɓa, don da babu gara ba daɗi.

Yawancinmu ma ko waɗannan ba mu fara da su ba. Abin da ke gidajenmu shi ne kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa 9999999 a goshi, ka kunna ka tarar gem ɗin bai fi a ƙirga da yatsu ba, sauran duk maimaici ne an canza wa sama launi. A ciki muka san maƙwabtanka, 1942 na Capcom da Sky Destroyer na Taito. Mu duk sunanku ɗaya, gem ɗin jirgi. Akwai kuma Top Gun na Konami, wanda saukar da jirgi kan jirgin ruwa a cikinsa ta sa yara da yawa zagin da iyayensu ba su san sun iya ba.

Bari in ba ka hoton shagon gem na unguwarmu, don ka san inda danginka suka yi aiki. Benci ɗaya, talabijin ƙarama bisa tebur mai ƙafa uku da bulo, pad an naɗe wayarsa da salatif har ya yi ƙulu. In kaset ya ƙi tashi a zare shi, a hura masa iska, a goga a riga, a mayar da bisimilla. Adafta kuwa in ta yi zafi sai a sa ƙaramin cikinmu ya yi mata fifita da kwali. Mai shago na bakin ƙofa da agogo a hannu, kana tsakiyar kauce wa makami sai ka ji, "Kai yaro, kuɗɗinka sun ƙare, tashi!" Tun da kujerar ba ta motsi, mu muka ɗauki aikinta. Wani ɗan kawuna da ke zuwa hutu daga Bungudu, in zai juya jirgi sai ya juya da kafaɗa da ƙugu da harshe a waje. Ran nan ya yi wulƙitawar nan taka ta kauce wa makami, ya kwashe mutum uku daga benci, jirgin dai bai tsira ba.

Yanzu ga tambayoyina, kuma ina son amsa a rubuce.

Wa ke biyan kuɗin manka? Kana cikin tafiya sai wani ƙaton jirgi ya sauko ya shayar da kai a sararin sama, ya cika maka makamai, ba layi, ba ɗan bumburutu, ba "sai gobe". A Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka aka kuma rufe layukan waya, mai janareto sai ya yi dabara kafin ya ga haske. Amma in yi maka adalci, a kwanakin nan da Facebook da WhatsApp suka yi shiru, kai da ire-irenka ba ku nemi data ba. Wanda ya adana ku a waya ko ya tono tsohon inji daga ƙarƙashin gado ya sami abin rage dare.

Sannan da izinin wa kake tashi? A Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a samaniyar Zamfara, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe. Kai ko a jikinka. Ka tashi daga jirgin ruwanka ka yi ta harbi, ba wanda ya tambaye ka takarda.

Ta ukun ita ce ba ta ba ni dariya sosai. In aka harbo ka, ka yi hayaƙi ka daki ƙasa, nan take wani sabo ya fito fes. Mu mun ga na gaske. A Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo Alpha Jet na sojan sama a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo ya yi tsalle da lema, ya bi daji da ƙafa har Allah ya kai shi hannun sojoji. Yaran ƙauyukan Tsafe a yau ba a talabijin suka san ƙarar jirgi ba. Kai kuma muryar nan da ke ce maka "Faya! Faya!" ba ta taɓa cewa dakata a duba ba. Mun bi kwazazzabo tare da kai muna zuba wuta kan duk abin da ke ƙasa, ana ƙara mana maki. Mutanen Tungar Kara, da jirgi ya faɗa wa 'yan sa-kansu bisa kuskure a Janairun 2025, suna da abin da za su ce game da wannan lissafin.

Na ji Amurka ta yi wa F-14 ritaya tun 2006, Iran ce kaɗai ta ci gaba da lallaɓa nata. Ke nan kai ma ɗan fansho ne, ba wani aiki gare ka ba. Don haka ga buƙatata: ka zo da kanka, da kujerar. An aza harsashin filin jirgin sama na Gusau a 2024, amma kada ka dogara da ni wajen sauka, ka ji tarihinmu da Top Gun. Ka biyo mota ta Funtuwa, ka wuce Tsafe da rana tsaka, kada ka yarda direba ya tsaya sayen rake. Ka taho da janaretonka da man da zai ishe shi. Ɗan kawun nan nawa yanzu magidanci ne mai tumbi, ya ce in tambaye ka nauyin kilo nawa kujerar take ɗauka.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani tsohon matuƙin benci,
Tudun Wada, Gusau.