Ajali Ne, Na Ji, Amma Wa Ya Naɗe Shi A Kan Babur?

Na san ku sarai, 'yan majalisar mai shayi, daga Duza har cikin Anka, daga Bukkuyum har Gummi. Ban ko buɗe baki ba kun riga kun karkace hula kun tanadi amsa: wanda ya karya wuya kwanansa ne ya ƙare, likita kuwa aljihunsa yake wa aiki. To, ku ajiye kofin tukuna. Ni ma ban ce akwai mai ƙara wa wani kwana ba. Tambayata 'yar ƙarama ce. Kai mai wannan wa'azi, me ya sa kake jijjiga igiya ka gwada ƙarfinta kafin ka sauka ramin zinare? Ai da sai ka faɗa kawai, tunda a rubuce yake.

Bari in gaya muku abin da kuke tafe da shi a bayanku ba ku taɓa gaisawa ba. Gadon bayan mutum jerin ƙasusuwa 33 ne, 7 daga ciki a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu. Ta tsakiyarsu laka ta ratsa, ita ke kai umarnin ƙwaƙwalwa ga hannu da ƙafa da mafitsara, ta kuma komo mata da labarin zafi da sanyi. Ƙashi in ya karye yakan haɗe. Laka in ta tsinke, har yau ba a yi likitan da ya iya haɗa ta ba, ko a Landan.

Baba mai ɗori, ranka ya daɗe, na ga ka haɗe rai. Ba raina gadonka na yi ba, ƙaurin da ka ɗora a garin nan sun fi a ƙirga. Amma wuya ba ƙauri ba ne. Jan da kake wa ƙafa ta miƙe, in ka yi shi ga karyayyen wuya, ɗan abin da ya saura na laka shi kake ƙarasawa.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara mutum 250,000 zuwa 500,000 ke samun rauni a laka, kuma har 9 cikin 10 daga hatsarin hanya ne, ko faɗowa, ko harbi da sara. Maza sun ninka mata aƙalla sau 2, kuma samari 'yan shekara 20 zuwa 29 na cikin waɗanda abin ya fi ci. Mai irin wannan rauni, haɗarin ya riga tsararsa tafiya ya ninka na mai lafiya sau 2 zuwa 5, shekarar farko kuwa ita ce mafi tsanani. Na ji wani daga can ƙarshen benci yana cewa lissafin Turawa ne, wa ya zo Duza ya ƙirga? Madalla, ƙirga da kanka. Wa ke hawa babur ɗin Boxer su huɗu da buhun dutse ba hular kwano? Wa ke shiga ramin da damina ta jiƙa? Wa ke hawa ƙololuwar kuka ɗibar ganye? Ga kuma harsashin 'yan bindiga, wanda ba ya tambayar inda zai sauka. Turawan nan kamar a majalisarku suka zauna suka yi rubutun.

Wa ya fi shiga haɗari? Wanda rauninsa ya fi kusa da kai. Jijiyoyin da ke motsa tantanin numfashi daga ƙashin wuya na 3 zuwa na 5 suke fitowa, saboda haka raunin da ya kai nan yakan taɓa numfashi, wanda ya haura nan kuma sai da na'ura. Wanda lakarsa ta yanke gaba ɗaya ya fi wanda ke ɗan jin taɓi ko motsa yatsa shiga haɗari. Dattijo ya fi saurayi. Wanda ya haɗa da bugun kai ko zubar jini ya fi kowa. Waɗannan ba a hannunku suke ba, na yarda.

Ga wanda yake a hannunku, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Mutum ya faɗi, an taru ana salati. Wani ya kama hannu, wani ƙafa, kai na reto. Wani ya zaunar da shi ya ɗura masa ruwa, wani ya ce a murɗa wuyan ya koma daidai. Daga nan a naɗe shi a tsakiyar mutum biyu a kan babur, a kama hanyar da kun fi ni sanin ramukanta. Kiret ɗin ƙwai ma in za ku kai shi kasuwa kun fi haka lallaɓa shi. Mutumin da ya faɗi yana iya motsa ƙafa, sai ya isa asibiti ba ya iyawa, sannan a koma majalisa a ce ikon Allah. Ikon Allah ne, amma da hannun ƙanensa aka aiwatar.

Wanda ya tsallake ranar farko, abin da ke jiransa ba karayar ba ce. Ba ya iya tari da ƙarfi, majina ta taru, ciwon huhu ya shigo. Fitsari ya tsaya a mafitsara, ko a bar robar fitsari ta yi datti, ƙwayoyin cuta su haura ƙoda. Jini ya daskare a ƙafar da ba ta motsi, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Sai babbansu, gyambon kwanciya. Kai mai lafiya, in tabarma ta dame ka cikin barci kakan juya ba ka sani ba. Shi ba ya ji, fata ta mutu a ƙugu da kwatangwalo da diddige, ta rarake har ƙashi, guba ta shiga jini. Kuma don Allah Inna, a daina gasa masa ƙafa da tafasasshen ruwa, a kuma janye masa kaskon wuta da hunturu. Zai ƙone yana hira da ke bai sani ba.

Kun ce ba mai tashi daga wannan ciwo? Da haka duniya ta ɗauka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan Amurka Harvey Cushing ya ba da rahoton cewa kusan 8 cikin 10 na sojojin da suka ji rauni a laka sun mutu cikin 'yan makonni. A 1944 aka damƙa wa Ludwig Guttmann, likitan da ya gudo daga Jamus, sashen masu wannan rauni a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Bai haɗa laka ko ɗaya ba. Ya dai kafe a kan a juya majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana, a kula da fitsarinsa da tsabta, a tashe shi ya motsa jiki. A 1948 majinyatansa suka yi gasar harbin kibiya daga kan kekunansu, kuma daga nan gasar naƙasassu ta duniya ta samo asali, wadda aka fara a Rum a 1960. Juyi kawai, jama'a. Ba ya buƙatar lantarki, balle ku ce an ɗauke wuta.

Kada kuma ku ce ciwon talaka ne. Christopher Reeve, wanda ya fito a fim ɗin Superman, daga kan doki ya faɗo a 1995 ya karya wuya. Da dukiyarsa da likitocinsa ya ƙara shekara 9, ya rasu a 2004 ana tsaka da yi masa jinyar gyambon kwanciya. Masu sukuwar sallah, da ku nake.

Ku fa mutanen Duza ba baƙin irin wannan gardama ba ne. A 2010, da yara suka yi ta rasuwa a Dareta da Abare da Yargalma da Bagega da nan garinku, ba kowa ya yarda da farko cewa ƙurar dutsen da ake dakawa a tsakar gida ce ke ɗauke da dalma ba. Yara sama da 400 suka tafi, Allah Ya jiƙansu. Da aka kankare ƙasar gidaje, Likitoci Marasa Iyaka suka zauna jinya a Anka, ai kun ga yadda mace-macen suka ja baya. A wannan ba na zolayarku, domin kun biya da tsada.

Na san hanya ba daɗi, dare ba a fita, kuɗin mota ma aiki ne. Amma ƙyaure ko faffaɗan katako ba ya gagarar gari. In mutum ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a zaunar da shi, kada a ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kai saitin jiki, uku su mirgina shi a tare bisa katakon, a tokare wuyan da naɗaɗɗun zannuwa dama da hagu, a ɗaure, a nemi mota ko a-kori-kura. Babban asibitin Anka ko na Gummi shi ne zangon farko, daga nan Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In tiyata ta kama, likitoci sun fi son a yi ta cikin awa 24 na farko, don haka kwana uku a gidan mai ɗori ba ƙaramar asara ba ce.

Kai kuma na ƙarshen benci, tunda bakinka ya fi na kowa kaifi, na naɗa ka mai riƙe kai. Ran da abin ya faru, Allah Ya kiyaye, kai za ka daka wa jama'a tsawa su sauke hannu har a kawo katako.