Lamba Uku

Jiya Asabar abin ya faru, kuma har yanzu in na rufe ido sai in ga shuɗin kan jirgin nan yana shawagi a iska.

Maƙwabcina a birnin Yok na Ingila, wani dattijon Bature ɗan fansho, shi ya ja ni kulob ɗinsu na masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa. Na tafi da abokin ɗakina, Bazazzagi, wanda ya ce kakansa ya yi aikin Reluwe a Zariya, don haka harkar dogo a jininsa take. Teburi ne ya kusa cinye zauren, ga tashoshi, ga gadoji, ga tumakin roba, kome an rage girmansa sau 76. Tsofaffi sun kewaye shi, kowa da rimot a hannu, shiru kamar zaman makoki.

Dattijon ya yi mini bayani, ina ta gyaɗa kai irin na ɗalibin da hankalinsa ke wajen tara. Wai wutar dogon ba ta yankewa, a cikinta ake aika umarni, tsarin da suke kira DCC. Kowane kan jirgi yana da 'yar na'ura a cikinsa mai lambarta, kuma ba ya amsawa sai an kira lambar. Rimot ɗin ba igiya. Ka danna lamba, ka murɗa dunƙulen, jirginka ya tashi. Nawa wani baƙi ne mai jan taragun kwal, lamba 33.

Na danna uku. Na sake danna uku, ko kuwa dai na ɗauka na sake. Na murɗa kaɗan, jirgin kwal ko gezau.

"Sabis ne, mutumina," in ji Bazazzagi. "Ɗaga shi sama."

Na ɗaga shi sama kamar mai neman kiran waya a ƙauye. Na ƙara murɗawa.

"Matsa wajen taga. A'a, buga shi a tafin hannu, haka rimot ɗin talabijin ɗinmu yake yi."

Na buga. Na murɗa dunƙulen har ya ƙure.

Abin da dattijon ya faɗa lokacin da nake gyaɗa kai shi ne, kowace sabuwar na'ura da lamba uku take fitowa daga masana'anta, sai mai ita ya canja. Shugaban kulob kuwa da safen nan ya ɓare kwalin sabon Mallard ɗinsa, ya ajiye shi can ƙuryar teburi yana jiran a taru a yaba. Mallard na gaske yana gidan tarihin jiragen ƙasa na nan Yok, shi ne ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, kuma har yau ba jirgin tururin da ya kamo shi. Na teburi, a hannuna, ya ɗauri niyyar karya tarihin kakansa.

Kunnena ne ya fara sanar da ni. Cuku-cuku, cuku-cuku, yana ƙaruwa. Na waiga, sai ga wani shuɗin abu ya tsinke ta gaban tasha, mutanen roba na tsaye da jakunkunansu, bai ko kalle su ba. Gabansa akwai wata gada da ake ɗagawa in mutum zai shiga tsakiyar teburin. An ɗaga ta. Wata tsohuwa ce ke shigowa da faranti cike da kofunan shayi.

"Ja birki!" in ji jikan ma'aikacin Reluwe.

"Ina birkin?"

"To cire batirin ka cije shi!"

Nan ne wurin da ƙwaƙwalwata ta ƙi wucewa. Jirgin ya bar dogo. Da barinsa wuta ta yanke masa, ƙarar ta ɗauke cak, ya ci gaba da tafiya a iska ba ko tari. Na ga bakin shugaba a buɗe. Na ga tsohuwar ta kalli jirgin ta saman tabarau, kallon da ake yi wa kazar da ta shigo ɗaki. Na ga kaina, ƙaton mutum mai neman digiri na biyu, tsaye bakin taga, hannu a sama, ina wa Mallard sallama da rimot. Sai tsulum, ya nutsa da ka cikin jug ɗin madara, gindinsa a waje.

A daren jiya na maimaita wannan tsulum ɗin ya fi sau ashirin. Kowane karo sai idona ya sauka kan babban yatsana, wanda tun farko yake kwance a kan wani jan maɓalli. Dannawa ɗaya, da duk jiragen teburin sun tsaya.

Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni na huta. Shugaba ya tsamo jirginsa da yatsu biyu, abin da ya fi ragon layya tsada, madara na ɗiga daga bututun hayaƙi. Sai Bazazzagi ya matsa kusa da shi, ya rusuna cikin ladabi, ya ce da Turancinsa na Sabon Gari: "Baba, kada ka damu. A binne shi cikin ɗanyar shinkafa kwana uku."

Yau da safe ya auna mudu guda ya kai masa har gida.