Ba a Faɗi Ba Sai an Sayar

A garinmu Dingaya ban taɓa jin wanda ya faɗi a kasuwa ba. Riba kam kowa ya ci, kuma ko ba ka tambaya ba sai ya zayyana maka dabarar da ya yi. Faɗuwa ce dai marainiya: ko laifin gwamnati, ko na dillali, ko bakin mutane.

Kawuna ya cika sito da masara a kakar 2024, shekarar da buhu ya haura naira dubu 70. Har tafiyarsa ta sauya, mabuɗin sito yana kaɗawa a aljihun gaba don a ji. Na tuna masa cewa tun watan Yuli gwamnatin Tinubu ta sanar da janye harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150. Ya dube ni sheƙeƙe. "Yaro, wannan maganar rediyo ce. Bari azumi ya zo ka gani."

Azumi ya zo ya wuce, farashi sai ƙasa yake yi. Duk ranar kasuwar Sara sai ya aika a jiyo masa, ya kira dillalinsa na Dawanau, ya kira wani na Birnin Kudu ko za a dace da mai daɗin baki. Da buhu ya ƙara saukowa, maimakon ya sayar sai ya ƙaro buhu goma, wai yanzu ne ma ta yi araha. Kafin kakar 2025 ta kammala, buhu bai kai rabin kuɗin da ya saya ba.

"Kawu, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Ai ba a faɗi ba sai an sayar."

Wasu masana biyu, Kahneman da Tversky, sun rubuta a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai yawanta ƙarfi a zuciyar ɗan'adam, har mutum ya gwammace ya ƙara kasada da ya amsa cewa ya yi asara. Da sun zo majalisar ƙofar gidan Kawu da sun huta da wahalar bincike.

Abin dariyar, Kawu ne ya fi kowa yi wa ɗansa tsiya lokacin wasan waya na Hamster Kombat. Wata da watanni yaron yana dangwalar waya har yatsa ya yi kanta, da aka raba kuɗin a Satumban 2024 abin da ya samu bai biya kuɗin caji ba. Har yau yaron yana cewa riƙe abin da ya samu zai yi, sai darajarsa ta tashi. Yanzu uba da ɗa tabarma ɗaya suke zama da yamma, kowa na kallon ɗan'uwansa a matsayin wanda bai san kasuwa ba.

Makon jiya maƙwabta suka shigo jaje: "Alhaji, Allah ya mayar da alheri." Ya gyara zama ya ce, "Na me? Kayana suna nan." Daidai nan Inna, matarsa, ta fito da ƙwarya, ta ɗebo daga buhun bakin ƙofa don tuwon dare. Rabi masara, rabi gari, ƙwari suna ta kai da komo a ciki. Ta watsa wa kaji, ta miƙo hannu.

"Malam, kawo kuɗin cefane. Kuma a haɗo da kwano biyu na masara."