Mas'alar Buɗe Kyamara: Farilla ce ko Mustahabbi?

Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka garƙame ƙofofin jami'o'i gabas da yamma, karatu ya yi hijira zuwa Zoom da Google Meet, wata mas'ala ta kunno kai wadda malaman fiƙihu na dauri ba su bar mana fatawa a kanta ba, watau ko wajibi ne ɗalibi ya buɗe kyamararsa malami ya riƙa ganin fuskarsa, ko kuwa ya halatta ya saurari darasi daga bayan labule.

Hujjar malamai ita ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma wanda ya saba ganin almajiri ya tanƙwashe ƙafa a gabansa ba zai ji daɗin kwashe sa'a guda yana kwarara bayani ga baƙaƙen akwatuna arba'in ba, tamkar mai wa'azi a maƙabarta. Wani malami aminina ya ce ya taɓa rufe darasi da addu'a, jama'a suka watse, suna ɗaya tak ya rage; farin ciki ya kama shi, a zatonsa Allah ya kawo masa ɗalibi mai himma da tambaya a baki, ya kira sunan har sau uku, jawabin da ya samu shi ne minshari.

To, amma da aka tilasta buɗewa, sai asirin gidaje ya tonu. Ga ɗalibi ya sha kaftani ya kafa zanna bukar, daga ƙugu zuwa sama sai ka rantse ango ne, ashe a ƙasa gajeren wando ne, ba a sani ba sai da ya zabura korar akuya. Ana tsakiyar bayanin tattalin arziki, sai muryar wata dattijuwa ta ratsa ajin: "Kai ɗan nan, ajiye wayar nan ka kai mini niƙa!" Ɗaliba kuwa, kafin ta lalubo hijabi ta sami bangon da ba shanya a jikinsa, an ci rabin darasi. Haɗa da cewa hoto ya fi murya lashe data nesa ba kusa ba, wutar lantarki kuma baƙuwa ce mai zuwa ba sallama, mai tafiya ba ban kwana.

Lalle magabatanmu da suka gina zaure a ƙofar gida ba wauta suka yi ba, sun san akwai iyakar da idon baƙo ya kamata ya tsaya, shari'a ma ta yi umarnin neman izini kafin a shiga gidan wani. Ina dalilin da zai sa mutum arba'in su faɗa uwar ɗakin talaka lokaci guda da sunan neman ilmi? Bugu da ƙari, mun sha ganin wanda ya ƙura wa malami ido a aji, alhali zuciyarsa tana kasuwar Kurmi.

Saboda haka fatawata, ni da ban kai ko Ahalari ba, ita ce buɗe kyamara mustahabbi ne, mai larura kuma an ɗauke masa. Malamin da ke shakkar ko ɗalibinsa na nan, ya jefa masa tambaya ba zato, domin mai barci ba ya amsawa. Sai dai kafin ya jefa, ya duba ƙugunsa tukuna, don an ce gajeren wandon nan ba ɗalibai kaɗai ke sa shi ba.