Wasiƙa daga Kadif zuwa Jos

Ɗanladi, bawana,

Ina fata kana lafiya, da Goggo da amarya da yara. Mu nan Kadif sai godiya, ruwan sama ne dai ba dare ba rana.

Labari ya iso ni kana yawo da ni a majalisa, wai na zo Birtaniya na ɓige da kallon wasan yara. Doctor Who ne wasan yara? Ai ya girme ka nesa ba kusa ba. BBC ta fara shi ran 23 ga Nuwamba 1963, aka dakatar a 1989, aka dawo da shi a 2005, kuma a garin nan ake shirya shi. Tun daga lokacin ban taɓa bari ya wuce ni ba. Shi gogan zuciya biyu gare shi, in ajali ya matso sai ya sake jiki da fuska, shi ya sa 'yan wasa ke ta gadon juna. Jirginsa TARDIS, daga waje ɗan shuɗin akwatin 'yan sanda ne, ciki kuwa faɗi ba iyaka, kamar tumbinka ranar suna.

To, ga abin da zai kashe maka baki. A da BBC kan goge kaset ta sake naɗar wani abu a kai, haka kashi da yawa suka salwanta. A 2013 wani Bature, Philip Morris, ya tono guda tara a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin. A ina? A Jos, garin da kake bugun ƙirji ka san kowane lungunsa! Na zamanin Patrick Troughton ne, hoto baƙi da fari. Ranar da na kalli The Web of Fear, dodannin Yeti na sintiri a ramin jirgin ƙasan Landan, wallahi tsigar jikina sai da ta tashi, don na san a ƙasarmu aka adana shi. Haka kashin 2025 da ke faruwa a shagon aski a Legas, Inua Ellams ne ya rubuta, shi ma haifaffen Jos.

Har yanzu cikin waɗanda suka salwanta, fiye da guda 90 ba a gan su ba. Don Allah ka rage zaman shayi, ka bi tsofaffin ma'aikatan talabijin da tambaya. In ka ci karo da gwangwanin fim mai tsatsa, kada ka kuskura ka sayar wa 'yan gwangwan. Ka kira ni, zan ninka maka kuɗin shara na bana.

Ka gaida Goggo da kyau.

Ubangidanka,
Sani